Baubawan Burmi: Asalin Kalma da Darasin Rayfield

Gabatarwa

Akwai kalmomin da Bahaushe kan tanada domin yanke hukunci. Idan aka ɗaura auren da dattawa suka hango ba zai yi ƙarko ba, ko 'yan kasuwa biyu suka haɗa jari alhali hali bai zo ɗaya ba, ko jam'iyyu suka ƙulla ƙawance saboda zaɓe kawai, sai ka ji wani ya kaɗa kai ya ce, "Wannan ai baubawan burmi ne." Da ya faɗi haka ya rufe magana, sauran sai jiran ranar rabuwa. A garin Jos, tun bayan tashe-tashen hankulan da aka sha fama da su, ba wuya ka ji ana jifan zaman garin da wannan kalma, wani lokaci ma har da ita kanta Nijeriya. Hukunci ne mai nauyi, domin wanda ya yarda cewa zamansa da maƙwabcinsa baubawan burmi ne, to ya riga ya fara ɗaure kaya a zuci. Saboda haka wannan maƙala za ta bi sawun kalmar zuwa inda ta fito, ta duba yadda ake amfani da ita, sannan ta auna ta da tarihin Rayfield, unguwar da haƙar kuza ta haifa a kudancin Jos.

Daga Duma Zuwa Burmi

Asalin kalmar yana cikin kayan aikin mata. Idan duma ya nuna ya bushe, sai a raba shi biyu, a fafe, a kankare, a sami ƙwarya biyu. Da yake daga uwa ɗaya suka fito, bakinsu ɗaya ne. In aka zuba gari ko fura ko nono a ɗaya aka kifa ɗayar a kai, sai baki ya haɗu da baki, ƙura ba ta shiga, ƙuda ba ya samun hanya, abin da ke ciki kuma ba ya zuba. Wannan kifa ƙwarya a kan 'yar'uwarta shi ne burmi. Sharaɗinsa guda ne, wato daidaito. In ta sama ta fi girma, sai ta haɗiye ta ƙasa ta riƙa lilo. In ta fi ƙanƙanta, sai ta faɗa ciki ta ɓata abincin da aka ce ta rufe.

Ita kuwa kalmar baubawa, suna ne da Bahaushe ya ba mutumin da ba ya jin Hausa, ko wanda ke yin ta a gurguje, yana sa namiji a gurbin mace, yana karya kalma inda ba gaɓa. Kunne kansa yana jin kwaikwayo a cikin kalmar, kamar mai cewa maganar wancan ba ta wuce "bau-bau" ba. Wannan hali ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Girkawan dauri sun kira duk wanda ba ya jin harshensu da sunan da ke kwaikwayon "bar-bar", Larabawa kuma suka kira wanda ba Balarabe ba ajami, kalmar da mu ma muka ara muka sa wa rubutunmu. Kowace al'umma takan ɗauka harshenta shi ne magana, na wasu kuwa hayaniya.

Idan aka haɗa kalmomin biyu, sai hoton ya fito sarai. Baubawan burmi shi ne burmin da bakin ƙwarya bai fahimci bakin 'yar'uwarta ba. Hikimar tana nan wajen kalmar baki, domin ƙwarya tana da baki, mutum ma yana da shi. Kamar yadda mutum biyu za su zauna kowa na magana ba mai gane wani, haka ƙwarya biyu za su haɗu baki bai kama baki ba. Abin lura a nan shi ne, babu ƙwaryar da ake kira baubawa ita kaɗai. Kowace lafiyarta lau a mazauninta. Aibin yana ga haɗin, alhakin kuma yana wuyan hannun da ya kifa.

Dangin Kalmar

Baubawan burmi tana da 'yan'uwa, kuma kowace da inda ta fi ƙarfi. Mafi kusa ita ce gamin gambiza, wadda wasu kan ce haɗin gambiza. Ita ta fi karkata ga tarkacen abubuwan da aka cusa wuri ɗaya ba tsari, kamar babbar riga ta alfarma a kan yagaggen wando, ko injin da aka harhaɗa da kayan motoci iri-iri don dai ya tashi. Gamin gambiza yana iya tara abu goma, amma burmi kullum tsakanin biyu ne, don haka ya fi dacewa da aure da ƙawance da yarjejeniya.

Sai zaman doya da manja, wanda ke nuna an haɗu a akushi ɗaya amma kowa na riƙe da halinsa, ana tare ba a shaƙu ba. Akwai kuma zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa, wato babu faɗa, babu kuma manufa ɗaya. Karin maganar da ta fi kusa da tushen namu batu ita ce, ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Wannan ta ƙara wani abu muhimmi: a haɗin da ba daidaito, ba a raba asara daidai. Akushi na itace ne, ko gezau ba ya yi. Ƙwarya ce ke kwana a ciki.

A sha'anin aure kalmar ta yi daidai da abin da malaman fiƙihu ke kira kafa'a, wato dacewar miji da mata, ko da yake malamai sun sha bamban kan abin da ake aunawa. A fagen nazarin adabi kuma manazarta sun ari kalmar suka sa wa salon da ke haɗa zance biyu masu kama da karo da juna. Mawaƙi Aminu Ladan Abubakar (Ala) ya sa wa wata waƙarsa ta siyasa wannan suna, inda ya koka kan shugabanni da talakawan da suka zaɓe su. Ke nan kalmar ta tashi daga madafa ta shiga zaure, ta shiga aji, ta hau dandalin siyasa, ba tare da ta yar da hotonta na farko ba.

Kuza Kafin Rayfield

Tun kafin Turawa su san da ita, mutanen ƙasar nan sun san kuza. Maƙeran Liruwen Kano da na Liruwen Dalma suna wanke ta daga yashin rafi, su narka, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Ganin waɗannan tsinkayen dalma a kasuwa ne ya sa Kamfanin Neja ya shiga neman inda suke fitowa. A tsakanin 1903 da 1904 injiniyan kamfanin, Henry Laws, ya hau tsaunin tare da rakiyar soja, ya kafa sansani a Naraguta. Ba a daɗe ba labari ya kai Landan, masu kuɗi suka yi ta kafa kamfanoni, musamman daga 1909 zuwa 1912. Ɗaya daga cikinsu shi ne Rayfield (Nigeria) Tin Fields, kuma sunan nan na Rayfield shi ya zauna wa wurin har yau, a tsakiyar ƙasar Birom. Maƙeran Liruwe kuwa, waɗanda sana'arsu ta nuna wa baƙi hanya, dokokin ma'adinai na Turawa suka raba su da wuraren da suka gada, sana'ar ta mutu a tsaye.

Daga nan al'amura suka yi ta gudu. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927. A 1926 aka yanke Lardin Filato. A 1929 aka kafa kamfanin lantarki na NESCO, wanda ya yi amfani da ruwan Kurra ya ba manyan injinan haƙa wuta. A ƙarshen shekarun 1930 wasu kamfanoni suka narke cikin juna suka zama Amalgamated Tin Mines of Nigeria, wato ATMN, wanda ya fi kowane kamfani fitar da kuza, kuma yankin Rayfield da Bukuru ya zama cibiyar ofisoshinsa da gidajen Turawansa. Filin wasan gwaf na Rayfield, wanda ake kai tarihinsa zuwa 1913, shaida ne na irin rayuwar da aka shimfiɗa wa waɗannan baƙi: iska mai sanyi, furanni, da ciyawa a gyare. Can gefe kuma ga barikokin lebura.

Burmi Uku da Ba Su Daidaita Ba

Burmi na farko shi ne tsakanin kamfani da mai ƙasa. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, ta yarda kamfanin ya riƙa cin rabin kuɗin fito na ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Sai a wajajen 1950 gwamnati ta fanshi wannan haƙƙi. Dokar ƙasa ta 1910 kuma ta sa dukkan filayen Arewa a hannun Gwamna. Saboda haka takardar izinin haƙa tana fitowa ne daga ofis, ba daga manomin Birom da kakanninsa suka share gonar ba. Abin da ake ba shi diyyar amfanin da ke kan gona ne, alhali abin da aka ɗauke ita ce gonar kanta. Injin ya kwashe ƙasar noma ya juye, ya bar rami da tudun yashi inda acca ba ta ƙara fitowa. Wannan ƙorafi na ƙasa yana cikin manyan dalilan da suka sa 'yan bokon Birom suka kafa ƙungiyarsu ta ci gaba a 1945. A wannan haɗi ba sai an tambayi wane ne akushi, wane ne ƙwarya ba.

Burmi na biyu shi ne tsakanin kamfani da lebura. Haraji da Turawa suka ce sai an biya da kuɗi shi ya tura dubban manoma zuwa tsauni cin rani, daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno da Sakkwato, har da ƙasar Faransa ta wancan lokaci. Aikin na diga ne da shebur da kwano a ka, cikin ruwa, a ƙasar da ta haura mita 1,200 bisa teku, inda hunturu ke ratsa ƙashi. Mafi munin wannan babi ya zo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas, aka ɗora wa hukumomin En'e su kawo mutane, har adadin waɗanda aka ɗiba ya haura 100,000. Mutanen da suka saba da zafin ƙasa aka kawo su cikin sanyi ba isasshen abinci, ba mayafi, ba makwanci na kirki. Da yawa cuta ta kashe su, da yawa suka gudu. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan zamani a littafin da ya wallafa a 1981 kan jari da ƙwadago a mahaƙan kuzar Nijeriya.

Burmi na uku shi ne tsakanin tsaunin da kasuwar duniya. Farashin kuza a Landan ake yanke shi. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, aka ƙulla yarjejeniyar rage haƙa a 1931, sai aka sallami ma'aikata a Filato, waɗanda ba su san ma an yi taro ba. Shekara da shekaru ɗanyar kuza ake lodawa zuwa Ingila, sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkawa ta Makeri. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta zo ne lokacin da kuzar da ke kusa da sama ta fara ƙarewa. A watan Oktoba na 1985 Majalisar Kuza ta Duniya ta kasa biyan bashinta, farashi ya faɗi warwas, manyan injina suka tsaya. Abin da ya rage wa Rayfield shi ne tafkunan da ruwa ya cike ramukansu. Ɗaya daga cikinsu ya zama wurin shaƙatawa, wasu kuwa a faɗin tsaunin sun sha cin rayukan mutane da dabbobi.

Auren 1914

Kalmar da ke farkon sunan ATMN ita ce dai kalmar da Turawa suka yi amfani da ita ranar 1 ga Janairu, 1914, lokacin da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu. Tun kafin a ɗaura, Sakataren Mulkin Mallaka Lewis Harcourt ya kwatanta abin da aure, inda ya mai da Arewa saurayi mai ladabi da za a daina ba kuɗin kashewa daga baitulmalin Ingila, Kudu kuma mace mai hannu da shuni. Wato dalilin auren lissafin kuɗi ne, kuma ba a nemi yardar ango ko amarya ba. A 1947 Obafemi Awolowo ya rubuta cewa Nijeriya suna ne na taswira kawai, a 1953 kuma, bayan taƙaddamar ƙudurin neman mulkin kai da Anthony Enahoro ya gabatar, Sardauna Ahmadu Bello ya kira haɗin 1914 kuskure. Masu cewa Nijeriya baubawan burmi ce suna da magabata a kowane ɓangare.

Sai dai kalmar tana tambayar abin da masu jifa da ita ba su cika tsayawa su amsa ba: wa ya kifa, kuma don amfanin wa? Lugga ya haɗa baitulmali da jirgin ƙasa, amma ya bar mutane a rarrabe, kowane yanki da dokarsa da makarantarsa. A Jos ma haka aka yi. Turawa na gefe guda, ma'aikatan ofis da suka zo daga Kudu na wani gefe, Hausawa na cikin gari da barikoki ƙarƙashin nasu shugabanni, Birom da Anaguta da Afizere kuma a ƙauyukansu. Tambayar wa ke da garin ba a warware ta ba, aka yi ta sauya tsari, har aka naɗa Rwang Pam sarki a 1947. Wannan ƙulli da aka bari shi ne ya sake tasowa bayan ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991, aka zubar da jini a 1994 da 2001 da 2008 da 2010, bayan wanda aka riga aka zubar a 1966.

Wane ne Baubawa?

A nan ne tarihin kuza ya juya wa kalmar baya. In baubawa shi ne wanda bakinsa bai haɗu da na abokin zamansa ba, to bakin ramin kuza ya rage baubawanci fiye da kowace makaranta. Birom da Bahaushe da Babarbare da Tibi da Ibo da Bayarabe da Urhobo sun tsaya a layi ɗaya ranar biya, kuma Hausa ce ta zama harshen aiki da ciniki. Sunayen wurare sun isa shaida: Barikin Ladi, Mai Adiko, Sabon Gida, Gindin Akwati, Dogon Dutse, Farar Gada. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen ya zama na coci kamar yadda yake na makarantar allo. Yau a Jos mutum biyu za su yi saɓani mai zafi kan filin gona ko kujerar mulki, amma da harshe ɗaya suke yin sa. Waɗanda kakanninmu suka kira baubayi, jikokinsu na wa'azi da waƙa da shari'a da Hausa. Wannan ya isa ya sa mai amfani da kalmar ya yi hattara, domin rabinta na farko yana ɗauke da tsohon raini.

Ita kanta kuza tana da abin cewa. Dalma ƙarfe ne mai taushi, amma in aka gama ta da jan ƙarfe sai a sami tagulla wadda ta fi su duka biyun ƙarfi, kuma da ita ake liƙe ƙarafa. Akwai kuma wani baƙin ma'adini, kwalambayit, da ke fitowa tare da kuza. Da farko ɓata kaya aka ɗauke shi, ana tacewa ana zubarwa. A shekarun 1950, da Amurka ta buƙace shi don injinan jiragen sama, sai aka koma ana tone juji ana tsince shi, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Ashe ba kowane gami ne gambiza ba, kuma abin da aka yi wa kallon bare yau yana iya zama shi ne riba gobe.

Kammalawa

An ga cewa baubawan burmi ta samo asali ne daga ƙwarya biyu da bakinsu bai daidaita ba, kuma tun asali hukuncinta yana kan haɗi ne da wanda ya haɗa. An kuma ga cewa a tarihin Rayfield haɗin da ya fi cancantar wannan suna shi ne na kamfani da mai gona, da na kamfani da lebura, da na tsauni da kasuwar Landan, inda aka san wanda ya kwashi riba da wanda aka bar wa rami. Talakan da aka ƙwace wa gona da talakan da aka ɗebo daga garinsu, duk ƙwarya ne da suka bi akushi ɗaya. Abin takaici ne jikokinsu su wayi gari kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya fasa shi.

Yau Gidan Gwamnatin Jihar Filato yana Rayfield, a ƙasar da aka taɓa yanke wa dubban mutane hukunci ba da saninsu ba. Waɗanda ke zaune a can, da mu da ke karatu da koyarwa a garin, ya kamata mu tuna cewa al'adar da ta san burmi ta kuma san gyartai, mai bin gida-gida da basilla yana ɗinke ƙwaryar da ta tsage. Matan da ba su yar da ƙwarya don ta fashe, domin sun san wahalar da aka sha kafin duma ya nuna. Ɗinkin gari kuwa sunansa adalci: a biya haƙƙin ƙasa, a hukunta mai laifi ko ɗan wane ne, a daidaita rabon mulki da aiki da makaranta. Kafin mutum ya ce zaman Jos baubawan burmi ne, sai ya fara duba ko an taɓa gwada daidaita bakin.